Tumbin Ruwa

Ranar wata Laraba ce cikin watan Safar, a shekarar da ta biyo bayan ambaliyar nan da ta cika Harami har aka ga mutane suna ɗawafi da iyo, Baffa Isa ya dawo daga Jidda. Ina da shekara tara a lokacin. Ina durƙushe a ƙofar gidanmu a Hindawiyya ina tsince tsakuwa daga cikin dawa, sai wani ƙarni ya doki hancina tun kafin in ga mai shi. Wai! Ba irin ƙarnin jinin layya ba ne, wanda mu 'ya'yan Makka muka saba shaƙa duk shekara. Wannan wani abu ne mai gishiri-gishiri, mai ɗoyi-ɗoyi, wanda ke wucewa kai tsaye ya zauna a maƙogwaro. Na ɗaga kai sai ga wani dogon mutum da rana ta gama ƙonawa, yana ɗingishi, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma, ƙudaje na rakiyarsa, a kafaɗarsa kuma ga gwangwanin kananzir an ɗaure bakinsa da kaba. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ce Hajara? Ga tsarabar hut na kawo muku." Ni kuwa hut ɗaya na sani a duniya, wanda malam ya ce ya haɗiye Annabi Yunusa. Ban san haka mutanen Jidda ke kiran kowane irin kifi ba. Na yi watsi da faifan dawa, na kwasa a guje cikin gida ina ihu a zo a taimaka, wani mutum ya kawo mana abin da ke haɗiye mutane a cikin gwangwani.

Gidanmu a lokacin ɗakuna uku ne da aka yi da gwangwanayen kananzir da aka fasa aka miƙe, da rumfar kaba a tsakar gida, sai katangar duwatsu da Baba ya jera da hannunsa. Da rana in ka jingina da bango sai ya toya maka baya. Baba yana gasa tsire a bakin kasuwa, Larabawa su yi ta zuwa suna cewa a ba su siriya. Umma kuma tana suyar ƙosai da safe, ni da ƙanena Sale mu zaga wa masu ɗiban ruwa da shi kafin mu wuce makarantar allo. Shekarun yaƙin Turawa ne, alhazai sun yi ƙaranci, kowa yana lallaɓa abin da ke tukunyarsa. Mai mulkin gidan kuwa Kaka ce, mahaifiyar Baba da Baffa, 'yar ƙaramar tsohuwa wadda ta tako tun daga Gumel da ƙafarta. Idonta ya yi rauni, amma hancinta, tabɗi! Daga cikin ɗaki take sanin miya ta fara kamawa. Tana da wani hali da muke yi mata tsiya a kansa: ba ta cin tumbi. Duk ranar da Baba ya kawo ragowar kayan ciki, Umma ta zauna wankin tumbi, sai Kaka ta ja sandarta ta tafi maƙwabta, ba za ta dawo ba sai an share wurin an barbaɗa toka. Mukan ce mata 'yar gayu, ta ce, "Ku ci kayanku, ja'irai." Baffa kuma shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo gare shi sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa wancan."

Da aka gama yi mini dariya a ranar, Baffa ya durƙusa a bakin rumfa ya gaida Kaka, ta amsa wa bango. Sannan Baba ya kwance bakin gwangwanin. Ban taɓa ganin fuskar Kaka ta yi abin da ta yi ba. Ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta yunƙura za ta tashi, amai ya riga ta. Umma ta riƙe ta tana shafa mata baya, Baffa ya tsaya sororo. Da ta sami numfashi sai ta ce, "A gaya wa wancan gidana ba juji ba ne. A fitar mini da ƙazantar nan, kuma hannun da ya saba da ita ba zai shiga akushin gidan nan ba." Ni da Sale aka ɗora wa gwangwanin, aka ce mu kai bayan dutse inda karnuka ke kwana. Muna tafe ina riƙe numfashi, ina saki, ina tofar da miyau. Amma ka san yaro da son gani. Da muka isa na sa kara na tona. A sama akwai wasu ƙanana jajaye busassu, sun lanƙwashe, ga gashin baki zaƙo-zaƙo, ga ƙafafu barkatai, ka ce fara ce ta yi rashin lafiya. A ƙasa kuma na zaƙulo wani dogon abu mai tauri irin na fata, jikinsa duk wasu 'yan zobba a jere. Tir! Na jefar da shi har da karan, na goge hannuna da ƙasa, ko da yake ban taɓa shi ba. Karnukan ma sai da suka yi shawara kafin su matso.

Tun daga ranar aka ware wa Baffa kwano. Wani tsohon kwanon sha ne mai lotsattsen gefe, aka kafa masa ƙusa a jikin katanga can kusa da ƙofa, nesa da sauran kwanuka. Da yamma Baba da Sale su zauna a kan tabarma su sa hannu a akushi ɗaya, yayan Baba kuwa, wanda ya kamata a ce shi ke fara gutsurar tuwo, yana can bakin ƙofa shi kaɗai. Wankin kwanon nan kuma a kaina ya faɗo. Kaka ta ce a riƙa dirje shi da ƙasa da toka irin yadda ake yi wa abin da kare ya lasa, alhali ruwa a wurinmu saye ake yi daga masu ɗaukowa a kafaɗa, ko alwala da lissafi muke yi. Tuwon dawa da miyar kuɓewa kawai yake ci a ciki, irin namu, amma wallahi ni ina jin ƙarnin a jikin kwanon. Da yatsa biyu nake ɗaukarsa, fuskata a juye. Baba ya ji nauyin abin, ya je wurin malamin unguwa ya yi tambaya, ya dawo da murna ya ce malam ya ce duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ko da mushe aka tsince shi. Kaka ta ce, "Madalla. Malam ya je bayan dutse ya kwashe ya kai gidansa." Daga nan Baba bai sake tayar da maganar ba, domin shi mutum ne mai gudun ɓacin ran uwarsa.

Ashe Baffa ba ziyara ya zo ba. Shekara da shekaru yana aiki a kwale-kwalen masunta, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, sai ga shi dutsen cikin teku ya tsage masa ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Mai maganin da Baba ya kawo ya ce in ya sake tsoma ƙafar nan a ruwan gishiri kafin ta haɗe, to sai dai a yanke ta. So yake ya zauna ya taya Baba gashin tsire, ya ƙarasa kwanansa kusa da uwarsa. Amma wata safiya ina shara na ji shi yana ce wa Baba, "Garba, ni ba kare ba ne. In watan Mauludi ya tsaya kwanon nan yana kan ƙusa, zan bi masu raƙuma in koma, ƙafar ta yi yadda ta ga dama." Baba ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da Inna." Baffa ya ce haƙurin ne ya kawo shi nan. Ni dai, in faɗi gaskiya, da na ji haka zuciyata ta rabu biyu. Rabi na cewa Allah ya kawo watan in huta da kwano, rabi kuma na kallon tsumman ƙafar nan da ke jiƙewa kullum.

Wasan ya faro ne daga cin abincin nan na shi kaɗai. Bayan magariba, ana saukar da tuwo, sai ya ɗaga murya daga bakin ƙofa ya ce, "Kacici-kacici!" Ba zai faɗi sunan abu ba, siffofinsa kawai zai jero, kuma duk abubuwan cikin teku ne, mu da ko kududdufi ba mu taɓa gani ya kwana biyu ba. Dokar wasan ita ce ta gida: in kun kasa, mai tambaya ya ce a ba shi gari, sai kun ba shi sannan ya faɗi amsa. Kaka ta riga ta kafa mana sharaɗi tun muna ƙanana cewa Makka da Madina ba a ba da su a wasa. Jidda kuma Baffa ya ce ya gaji da ita, ko kyauta ba ya so. To mu kuwa ba mu san wasu garuruwa ba sai waɗanda Kaka ke ƙirga mana a yatsunta in tana ba da labarin hanya: Gumel, Kukawa, Fatalami, Abashe, Fashir, Ubayyid, Khartum, Sawakin. Sai muka fara daga ƙarshe. Na farko da ya tambaya shi ne mai ƙashi a waje nama a ciki, idanunsa a kan tsinke, in zai je gabas sai ya fuskanci kudu. Muka ce kunama, muka ce buzuzu, muka gaji muka ba shi Sawakin. Ya lashe yatsa ya ce ya ci Sawakin da jiragenta, amsar ƙaguwa ce. Daga cikin rumfa sai muka ji Kaka tana gaya wa bango, "A ci Sawakin ɗin, a suɗe kwano. Garin banza."

Daga nan abin ya zama kullum. Mu riƙa cin tuwo da sauri, mu matsa kusa da ƙofa, ni dai nakan tsaya inda iska ba ta kaɗowa daga wajensa. Kuma Baffa ba ya zaɓo sai mafi ƙazanta, don ya ga ina yatsine fuska. Akwai wanda ya ce ba kai, ba ido, ba jini, ka ce majina aka fyace a ruwa, amma in ya shafe ka sai ya ƙone ka, in kuma ka ajiye shi a rana ya narke. Wai sunansa fitilar teku. Fitila! Akwai wanda ke kwance a ƙasan ruwa da siffar kashin jaki, in ka tsorata shi sai ya amayo hanjinsa duka waje, ya koma gefe ya tsiro da sabo. Ranar na ajiye tuwona ban ƙarasa ba, Sale ya cinye yana yi mini gwalo. Akwai mai ƙaya ko'ina, bakinsa a ƙasa, duburarsa a tsakiyar kansa. Sale ya ce bushiya, Baffa ya ce Sale ya ci rabi, bushiyar teku ce, don haka ba a ba da gari ba. Ya ƙara da cewa fasa ta ake yi a lashe cikinta ɗanye, na ce a'uzubillahi, ya yi ta dariya har da riƙe ƙafa. Jajayen nan masu gashin baki ma sun zo, na gane su amma ban san sunansu ba, sai Umma ta raɗa mini jatan lande. Wanda na ci da kaina guda ɗaya ne, kuma har yau ina alfahari da shi. Ya ce haƙora layi-layi, in ɗaya ya faɗi na baya ya matso, fatarsa ana goge katako da ita, yana jiyo jini daga nesa, kuma sunansa yana cikin aljihun Baba. Na yi tsalle na ce girshi, domin a bakin mutanen nan sunan kwabon da ake sayen burodi da shi da sunan kifin nan mai cin mutane duk ɗaya ne. Baffa ya miƙo hannu zai dafa kaina, na goce, ya mayar da hannunsa cikin riga.

Amma faɗuwarmu ta fi cinmu yawa, garuruwa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta cikin wasan, a cewarta ma ba ta ji, sai dai duk garin da aka bayar sai ta yi wa bango magana. Da aka ba shi Khartum ta ce can ta yi wankau har hannunta ya tsage. Da aka ba shi Ubayyid ta ce, "Nan aka binne cibiyar wani." Baffa ya sunkuyar da kai a kan kwanonsa. Fashir ta tafi, Abashe ta tafi, Fatalami ta bi su. Ranar da Kukawa ta tafi Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce wasa ya isa haka, saura gari ɗaya, kuma wannan ba na wasa ba ne. Gumel a wurin Kaka wani abu ne dabam. Mun san rijiyar ƙofar gidansu, mun san kukar da ake shanya rini a ƙarƙashinta, mun san inda uwarta ta tsaya da ludayi a hannu ranar da suka taso, duk da babu wanda ya taɓa ganin wurin a cikinmu. Ana cikin haka wata ya ƙare. Wata yamma aka ga jinjirin watan Mauludi a saman dutse, maƙwabcinmu mai raƙuma ya leƙo ya ce gobe da asuba za su tashi. Baffa ya ɗaure 'yan kayansa a tsumma ya jingine su a ƙarƙashin ƙusar nan.

Ranar ba wanda ya yi zaton za a yi wasa. Baba ya zauna yana juya tuwo a hannu bai kai baki ba, Umma ta shige bayan murhu. Sai ga muryar Baffa daga bakin ƙofa, a hankali ba irin ta kullum ba: "Kacici-kacici, na bankwana." Ya ce kai ne zalla mai siffar jaka, ba wuya, ba ƙashi. Hannu takwas, kowane hannu da bakuna a jere suna tsotsa. Yana sauya launi, yana shigewa ramin da bai fi zobe ba, in ya ji tsoro sai ya tofa tawada ya ɓace a cikinta. Sale ya ce hawainiya. Ya ce gizo-gizo. Ya ce aljani ne. Ni kuwa sai na tuna dogon abin nan mai zobba da na zaƙulo da kara, na gane ashe hannu ne, ashe zobban nan bakuna ne. Amma ban san sunansa ba. Baffa ya jira mu har muka gaji, sannan ya ce, "To, a ba ni gari." Sale bai san dawan garin ba, ya buɗe baki ya ce, "Mun ba ka Gum..." Bai ƙarasa ba sandar Kaka ta sauka a jikin gwangwanin bango har sai da kaji suka firgita.

"Tumbin ruwa ne," in ji ta. Baffa ya ce, "Inna, ai Larabawa akhɗabuɗ suke..." Ta katse shi ta ce ba ta san larabcinsa ba, kuma ba ta nema, amma mai tambaya ya rage siffofi. Ta ce bai faɗi cewa sai an cije shi a tsakanin idanu yake mutuwa ba. Bai faɗi cewa sai an juye kan ciki waje, an yi ta maka shi a dutse, sannan haƙori zai kama shi ba. Bai faɗi cewa in aka ci shi ɗanye, bakunan nan suna manne wa harshe suna tsotsa har a maƙogwaro ba. Daga nan ta ba da labarin da ba ya cikin ƙirgar yatsunta. Ta ce a Sawakin wani mai jirgin ruwa ya kwashe su a ɓoye, ya sauke su a kan wani tudun yashi a tsakiyar teku, ya ce musu ga ƙasar Makka nan, ya juya. Ba itace, ba inuwa, sai ɗan ruwan da ya rage a salka. A nan mijinta na fari, mahaifin Baffa, ya rasu, suka tona yashi da hannu suka rufe shi. Ita kuma nononta ya ƙafe, jaririn da ke bayanta har ya daina kuka. Sai wata tsohuwa a cikinsu ta kamo abin nan a tsakanin duwatsu. Matan suka kewaye shi suna kallo, kowa na kakarin amai, tsohuwar ta ce su ɗauka tumbi ne, tumbin ruwa, su yi bisimilla su rufe ido. Ba wuta, haka suka ci, suka sake ci, har Allah ya kawo wasu masunta suka tsince su. Sannan Kaka ta juyo daga bango, ta fuskanci bakin ƙofa ta ce, "Da shi nonona ya dawo. Da shi ka rayu. Na san abin da na haɗiya ne ya ja ka teku, kuma in na ji warinsa a jikinka, kaina nake ƙyama, ba kai ba."

Wannan ne karo na farko da na ji Kaka ta ce wa Baffa "kai". Ni ban tsaya jin sauran ba, na zaga bayan ɗaki na amayar da duk abin da na ci, ina yi ina kuka, ban san ko na ƙyama ne ko na tausayi ba. Da na dawo na tarar Baffa ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, Baba kuma yana kallon ƙasa. Kaka ta riga ta koma wa bangonta. Ta ce, "Ke Hajara, in kin gama iyayinki, ɗauko kwanon nan ki juye tuwon wancan a akushin ubanki." Na ɗauko shi, a karo na farko da hannu biyu, ƙarnin na nan a hancina bai je ko'ina ba, na juye. Baffa ya kasa matsowa, sai da Baba ya tashi ya kamo hannunsa ya ce, "Yaya, bisimilla." Shi ya fara gutsura. Sale da bai fahimci komai ba ya tambaya wai to wa ya ci wasan, Baffa ya share ido ya ce, "Gumel ta tsira." Da asuba mai raƙuma ya ƙwanƙwasa ƙofa, Baba ya leƙa ya sallame shi. Kwanon ya zama na ruwan kaji. Ƙafar ta haɗe sannu a hankali, ko da yake ɗingishin bai bar shi ba, kuma a akushi ɗaya suka ci da Baba har ranar da aka ɗauki gawar Baffa zuwa Harami. Ko ya san labarin tudun yashin nan tun a Jidda ya ɗana wa uwarsa tarko, ko kuwa katari aka yi, ban taɓa sani ba. Na tambaye shi sau ɗaya bayan na girma, ya ce in ba shi gari tukuna. Kaka kuwa har ta koma ga Allah ba ta ci tumbi ba, mu ma ba mu ƙara ce mata 'yar gayu ba.

Yanzu Hindawiyya ta cika da benaye da shaguna da hayaniyar tasi, ko inda katangar Baba take ba zan iya nunawa ba. Jidda da ake kwana a hanya kafin a kai ta zama wurin zuwa cin abincin yamma. Jikokina sukan ɗauke ni ranar Juma'a, su zauna a bakin teku a kawo musu faranti cike da jajayen nan masu gashin baki, har da hannun abin nan an gasa an yayyanka, zobbansa na kallon mutum, su matsa lemon tsami suna santi. Tir! Ni dai nakan juya kujerata in ce a kawo mini shayi, kuma ko shayin sai na shinshina kofin. Suna dariya, suna cewa Sitti, wato kakarsu, 'yar gayu ce, da Larabci, domin Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Rannan na gwada musu wasan Baffa. Kafin in gama jero siffofi, ƙaramarsu ta danna waya ta nuna mini abin yana motsi da hannuwansa takwas, sai da na kau da kai. Na sake yi musu wani, wayar ta kasa, na ce to a ba ni gari. Suka dubi juna, babban ya tambaye ni me zan yi da gari, ko gidan da nake ciki ya yi mini kaɗan ne. Na yi dariya na ce ya bar shi kawai. Garuruwan hanya duk Baffa ya cinye su ya tafi da su, saura ɗayan da Kaka ta fansa da abin da ta ɓoye shekara da shekaru. Har yau Gumel tana hannuna, ban taɓa ganinta ba, kuma ban san wa zan bar wa ita ba.